Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa: A Ba Masu Aikin Sa-kai Gurbi a Binciken Kufai

Zuwa ga Babban Darakta,
Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa,
Abuja.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatan hukumarka, ina rubuto wannan wasiƙa ne a madadin wasu mutane da ba su da takardar shaidar digiri a fannin binciken kayan tarihi, amma Allah ya sanya musu son abin a zuciya. Cikinmu akwai malaman firamare da na sakandare, da 'yan fansho, da ɗalibai, da 'yan kasuwa, kuma abin da ya haɗa mu shi ne duk inda muka ji an ce akwai kufai, ko tsohuwar ganuwa, ko tudun da ruwan sama ke wanko tsingaro daga gefensa, ba ma samun natsuwa sai mun je mun gani da idonmu. Buƙatarmu ɗaya ce: hukuma ta tsara hanyar da irinmu za su shiga wannan aiki bisa doka, a ƙarƙashin kulawar ƙwararru, ta yadda sha'awar da muke da ita za ta zama ƙarin hannu ga hukuma, ba abin zargi ba.

Zan fara da abin da ma'aikatanka suka fi ni sani, wato cewa manyan abubuwan da ƙasar nan ke taƙama da su a wannan fanni ba masana ne suka fara cin karo da su ba. A 1928 masu haƙar kuza ne suka tono wani ɗan kai na gasasshen yumɓu a kusa da ƙauyen Nok, a kudancin Jihar Kaduna ta yanzu. A 1943 kuma aka kai wa Bernard Fagg, wani Baturen mulki mai ilimin kayan tarihi, wani kan da aka samu a Jema'a, wanda wani ma'aikacin kuza ya kafa a gonarsa ta doya yana korar ɓarna da shi, sai Fagg ya ga kamanninsa da na farkon, daga nan aka gane cewa wata al'umma guda ce ta yi su. Gidan tarihi na Jos da aka buɗe a 1952 a kan irin waɗannan tsince-tsince ya tsayu. Haka tagullar Igbo-Ukwu ta fito a Kudu maso Gabas, daga hannun mutumin da ke haƙa ramin tara ruwa a gidansa, shekaru kusan 20 kafin masanin kayan tarihi Thurstan Shaw ya je ya yi tono na ilimi a wurin.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na kwalekwalen Dufuna. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a kusa da kogin Komadugu Gana, a yankin da yanzu yake Ƙaramar Hukumar Fune ta Jihar Yobe, sai ya ci karo da itace a zurfin da ya kai mita 5. Da ya ga dama da ya sare shi ya ci gaba da haƙarsa, ko ya rufe ramin ya koma wani wuri, babu wanda zai tuhume shi. Maimakon haka sai ya sanar, magana ta bi ta hannun shugabannin gari har ta kai ga Jami'ar Maiduguri, a 1994 kuma masana na Najeriya da na Jamus suka fito da kwalekwalen tare da taimakon mutanen ƙauyen. Tsawonsa ya haura mita 8, shekarunsa kimanin 8,000, shi ne mafi tsufa da aka sani a Afirka, yana kuma cikin mafiya tsufa a duniya. Duk ilimin da aka samu daga wannan kwalekwale ya rataya ne a kan shawarar da mutum ɗaya ya yanke a bakin rami, ba tare da an taɓa gaya masa cewa abin da ya gani yana da wani muhimmanci ba. Abin da nake so hukuma ta auna shi ne yawan masu haƙa rijiya, da masai, da harsashin gini, da ke tsayawa a bakin irin wannan rami kowace shekara, su yanke shawarar da ta saɓa wa tasa domin ba su san wanda za su gaya wa ba.

Mu da ke Zariya ba sai mun yi nisa ba. Duk wanda ya zaga gindin dutsen Kufena bayan ruwan farko zai ga ragowar ganuwa, da tsingaro mai zane iri-iri, da dutsen niƙa da ya lotse saboda daɗewa ana aiki da shi. A gonakin da ke kewayen Samaru ana samun kashin maƙera, shaidar cewa an narka tama a wurin ɗaruruwan shekaru kafin a kafa jami'a. A kasuwannin ƙauye mutum zai iya ganin gatarin aradu a shimfiɗar mai magani, ana sayar da shi a matsayin abin da tsawa ta jefo, alhali kuwa gatarin dutse ne da hannun ɗan Adam ya goge shi tun kafin a san ƙarfe. Irin wannan gani yana da daɗi, yana kuma da ɗaci, domin shekara mai zuwa idan ka koma za ka tarar motocin ɗiban ƙasa sun kwashe tudun, ko an yanka wurin an kafa turakun filaye, ko masu fasa dutse sun shiga. Ganuwar Kano, wadda aka danganta fara gina ta ga Sarki Gijimasu a ƙarni na 12, kuma take cikin jerin wuraren da Najeriya ta gabatar wa UNESCO tun 2007, kowa ya ga yadda gine-gine suka cinye wurare da dama a jikinta, a tsakiyar birni, a gaban idon jama'a. Idan haka ta faru ga abin da kowa ya sani, to kufan da ke bayan gari, wanda ba a taɓa rubuta sunansa a wani kundi ba, ba shi da mai kare shi ko kaɗan.

Mun san doka, kuma ba mu zo neman a sassauta ta ba. Dokar soja mai lamba 77 ta 1979, wadda ta kafa hukumarka, ta hana kowa yin tono domin neman kayan tarihi sai da izinin hukuma, ta kuma hana saye da sayar da su ga wanda ba a amince masa ba. Wannan daidai ne, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a gefen ramin da masana ke aiki ya san dalili. Darajar abin da aka tono ba a jikinsa kaɗai take ba, tana ga shimfiɗar ƙasar da ya kwanta a ciki, da abin da ke samansa da ƙasansa, da ɗan gawayin da ke gefensa wanda za a iya aunawa a san shekarunsa, da ƙwayar hatsin da ta ƙone ta maƙale a cikin toka. Tukunyar da aka fizgo daga ƙasa ba tare da an rubuta komai ba kamar warƙa ce da aka zare daga tsakiyar littafin rubutun hannu a gafaka: rubutun yana nan, amma ba a san abin da ya gabace shi ko abin da ya biyo baya ba, kuma littafin da aka zare ta daga ciki ya sami giɓi har abada. Tono ba a maimaita shi. Wanda ya haƙa wuri sau ɗaya ya rushe shi ke nan, ko masani ne ko ɓarawo, bambancinsu kawai shi ne masani yana barin cikakken bayani a rubuce.

Sai dai wannan doka ta ɗora wa talaka wani nauyi da ba a sanar da shi ba. Ta ce wanda ya ci karo da kayan tarihi ba da gangan ba ya sanar da hukuma cikin kwana 7. Da Turanci aka rubuta wannan sharaɗi, kuma manomin da garmarsa ta tono kan mutum-mutumi bai taɓa jin sa a rediyo ba. Abin da ya sani shi ne idan hukuma ta ji labari wataƙila a ƙwace gonar, ko a kira shi ofishin 'yan sanda a yi ta tambayarsa ina sauran. Don haka sai ya mayar ya binne, ko ya fasa domin tsoron abin da ke tattare da shi, ko ya ajiye har mai saye ya zo.

Mai saye kuwa yana zuwa. A shekarun 1990 an yi wa wuraren Nok wawaso irin wanda ba a taɓa gani ba, ƙauyuka suka koma haƙa, dillalai suna bi suna saye da kuɗi kaɗan suna fitarwa ta kan iyaka zuwa Turai. Abin ya kai ga a shekarar 2000 Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta sanya kayan yumɓu na Nok da na Sakkwato da na Katsina cikin jerin kayan Afirka da ke cikin haɗarin sata, tare da na Bura a Jamhuriyar Nijar, inda irin wannan ta'asa ta biyo bayan tonon da masanin ƙasar, Boubé Gado, ya yi a 1983. A wannan shekarar ta 2000 ne kuma aka baje wasu kayan Nok a gidan tarihi na Louvre da ke Faris, aka yi ta cece-ku-ce a kan yadda suka bar ƙasar nan, daga baya aka daidaita a kan cewa mallakar Najeriya ce amma za su zauna a can a matsayin aro na shekara 25. Ba ina tuna wannan ba ne domin a sake buɗe tsohon miki. Abin lura shi ne dillali ya riga kowa isa ƙauye, ya yi magana da mutane da harshensu, ya san sunan mai gona, ya bar lambar wayarsa. Ilimi bai aika kowa ba. Hukuma mai ofisoshi a manyan birane ba za ta iya sa ma'aikaci a kowace gunduma ba, wannan kowa ya yarda, amma a kowace gunduma akwai malamin makaranta ko ma'aikacin gona da zai yi farin cikin zama idonta ba tare da albashi ba.

Aikin da Jami'ar Goethe ta Frankfurt ta yi a kan al'adar Nok tun daga 2005, tare da hukumarka da jami'o'in Jos da Zariya, ya nuna abin da ake samu idan an yi tono a tsanake. Daga nan ne aka gane cewa wannan al'ada ta faro tun wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa, cewa mutanenta gero da wake suke nomawa, har ma an gano alamar zuma a jikin tukwanensu. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da za a iya sani daga kan mutum-mutumin da ke cikin akwatin gilashi a Turai. Mutanen ƙauyukan yankin ne suka riƙa nuna wa masanan wuraren, su ne kuma suka yi mafi yawan aikin hannu. A watan Fabrairu na 2017 aka sace biyu daga cikin masanan Jamus a kusa da Janjala, aka kashe mutanen gari biyu da suka bi sawu domin ceto su, Allah ya jiƙansu. An sako baƙin bayan 'yan kwanaki, amma tun daga lokacin ya bayyana cewa ba za a ci gaba da dogara ga masu zuwa daga waje su shiga daji ba. Waɗanda za su ci gaba da zama kusa da waɗannan wurare, da tsaro ko ba tsaro, su ne mutanen da aka haifa a can.

Saboda haka abin da muke roƙo na farko shi ne horo. Sashen nazarin kayan tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello yana fita da ɗalibansa aikin fili, kuma gidajen tarihi na Kaduna da Jos da Katsina da Gidan Makama a Kano suna da ma'aikatan da suka san aikin. Idan hukuma ta haɗa kai da jami'a aka ware mako ɗaya ko biyu a lokacin rani, za a iya koya wa mai aikin sa-kai abin da yake bukata, wanda ba shi da yawa: yadda zai bi fili a hankali yana duba abin da ke sarari ba tare da ya ɗauka ba, yadda zai ɗauki hoto da ma'auni a gefe, yadda zai karanta lambobin wuri a wayarsa, yadda zai cike takardar bayani, da yadda zai tambayi dattawan gari sunan kufai da abin da suka ji daga kakanninsu. Wannan na ƙarshe ma mun fi baƙo iya shi, domin tsohon da ba zai buɗe baki ga mai riƙe da takarda daga birni ba, zai zauna da ɗan garinsu har la'asar yana ba shi labari.

A wurin tono kuwa ba muna neman a ba mu cokalin gini a ce mu shiga rami ba ne. Mafi yawan aikin tono ba haƙa ba ne. Akwai tankaɗe ƙasa da rariya, da wanke tsingaro, da shanya shi, da rubuta lamba a jikin kowane, da ƙirgawa, da ɗaurewa a leda, da riƙe igiyar awo, kuma waɗannan su ne ke cinye lokacin masani har kuɗin bincike ya ƙare kayan suna jibge a ɗakin ajiya ba a duba su ba. Wanda ya yi rani biyu ko uku yana wannan aiki, aka ga natsuwarsa da amanarsa, shugaban tono ne zai ga dama ya matsar da shi gaba. Hukuma za ta iya sanya wa duk mai neman izinin tono sharaɗin ya ɗauki wasu 'yan masu aikin sa-kai daga yankin, ya kuma yi wa jama'ar gari bayani kafin ya tattara kayansa.

Bayan horo sai hanyar kai rahoto, kuma a nan ne nake ganin ƙaramin ƙoƙari zai haifar da babban sakamako. A Ingila an kafa wani tsari a 1997 inda duk wanda ya tsinci wani abu zai kai wa jami'in yankinsa a rubuta, kuma abin da aka rubuta ta wannan hanya ya haura miliyan ɗaya. Ba na cewa a kwafo shi yadda yake, domin dokarsu ta bar mutane su yi yawo da na'urar gano ƙarfe su kuma riƙe mafi yawan abin da suka samu, abin da a wurinmu zai zama buɗe wa ɓarayi ƙofa. Abin ɗauka a ciki shi ne akwai mutum sananne da ake kai wa labari, kuma mai kai labarin ana gode masa ne, ba a tuhumarsa. A ƙasar nan lambar waya ɗaya a kowane gidan tarihi, wadda za a iya tura hoto ta WhatsApp a sami amsa da Hausa ko da harshen yankin, tare da sanarwa a gidajen rediyo cewa ba za a ƙwace gonar kowa ba, za ta kai inda motar hukuma ba ta taɓa kaiwa ba. Wanda ya miƙa wani abu a ba shi takardar shaida da sunansa, idan kuma an baje abin a gidan tarihi a rubuta garin da ya fito. Ainihin inda wurin yake kuwa ya tsaya a kundin hukuma, kada a sa shi a intanet.

Duk wannan ba zai yiwu ba sai da sarakuna. Babu baƙon da ke kwana a ƙauye mai unguwa bai sani ba, kuma babu ramin da za a haƙa a bayan gari labari bai kai ga dagaci ba. Idan takarda ta fito daga fada ta bi ta hakimai, mai aikin sa-kai zai shiga da mutuncinsa, ba za a ɗauke shi mai neman tukunyar zinare ko mai hulɗa da aljannun kufai ba. Malamai ma suna da rawar takawa, domin akwai masu ganin cewa duk wanda ya kula da mutum-mutumin yumɓu yana girmama gumaka ne, alhali kuwa duba abin da mutanen da suka shuɗe suka bari domin a ɗauki darasi abu ne da malamanmu suka daɗe suna karantarwa. Inda ya kamata a yi taka-tsantsan sosai shi ne kushewa. Tudun Durɓi Takusheyi da ke yankin Mani a Katsina, wanda Baturen mulki Palmer ya fara tonawa a 1907 aka sake tonawa a 1992, ya fitar da kayan ado na zinare da tasoshin ƙarfe da suka zo daga ƙasashen gabas, shaidar cewa Katsina tana cikin kasuwancin duniya tun ɗaruruwan shekaru, amma waɗanda aka binne a ciki kakannin wasu ne da ke raye. Irin wannan wuri ba na masu koyo ba ne, kuma mu da kanmu muna roƙon a cire shi daga abin da za a ba mu. Haka nan ya kamata mai aikin sa-kai a kowane wuri ya fito daga al'ummar da ke zaune a wurin: a ƙasar Nok 'yan Ham ne da maƙwabtansu ya dace su kasance a gaba, mu da za mu zo daga Zariya ko Kano baƙi ne masu taimako.

Na san za a ce wanda aka koya wa gane kufai an koya masa inda zai yi sata. Wannan tsoro yana da tushe, amma ɓarayin ba su jira horon kowa ba, sun kuma fi kowa sanin wuraren. Maganin abin shi ne rajista: kowane mai aikin sa-kai ya kawo takarda daga mai unguwarsa ko shugaban wurin aikinsa, ya sa hannu cewa ba zai haƙa ba, ba zai ajiye komai a gidansa ba, ba zai sayar ba, a ba shi katin shaida na shekara ɗaya wanda za a iya janyewa. Za a kuma ce akwai matasan da suka karanta wannan fanni suna zaune ba aiki, kada aikin kyauta ya toshe musu hanya. A ganina su ne ya kamata a ɗauka su jagoranci rukunonin, domin masu aikin sa-kai goma suna bukatar ƙwararre ɗaya a kansu, kuma masu hidimar ƙasa da suka karanta tarihi ko binciken kayan tarihi za su iya yin aikinsu na raya al'umma a nan maimakon share kasuwa.

Akwai kuma bashin da ake bin masana. An yi rubuce-rubuce masu yawa a kan Surame, babban birnin Kanta na Kabi, da zanen shanu na duwatsun Birnin Kudu, da Kufan Kanawa a yankin Damagaram, amma kusan dukkansu da Turanci ko Faransanci ko Jamusanci suke, a mujallun da ko malamin jami'a yana wahalar samu. Cikinmu akwai waɗanda za su fassara taƙaitaccen bayani zuwa Hausa kyauta idan masani zai duba ya tabbatar, a manna a makarantun da ke kusa da wurin, a karanta a rediyo ranar 18 ga Mayu da ake bikin gidajen tarihi.

Ba ma neman a fara da ƙasa baki ɗaya. Muna ba da shawarar a gwada a wuri ɗaya, a rani ɗaya, kuma Kufena ta dace domin tana kusa da jami'a, tana kusa da fada, ana iya zuwa da safe a koma gida da yamma. Rukuni ƙarami zai iya bin abin da ya rage na ganuwar yana ɗaukar hoto da awo, ya rubuta inda ake ɗiban ƙasa da inda gini ya shiga, ya miƙa rahoton ga hukuma da masarauta, ba tare da an sa diga a ƙasa ko sau ɗaya ba. Kuɗin mota da abinci mu za mu ɗauka. Abin da muke bukata daga gare ku shi ne takardar izini, da ma'aikaci ɗaya da zai tsaya a kanmu, da sanarwar ofishin da za mu kai sunayenmu kafin a gama girbi.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya yi riƙo da hannunka.

Naka,
Wani malamin makaranta mai sha'awar binciken kufai,
Zariya.